Ƙauyukan da Aka Jefa wa Ƙuri'a

A Kano, in kana son taron iyaye ya watse, ka ce an zo gwada sabon magani a kan yara. Ba sai ka ƙara komai ba. Wani zai ambaci Pfizer, sauran kowa ya ja hannun ɗansa. Ba kuwa za ka ga laifinsu ba, don abin da ya faru a 1996 ba tatsuniya ba ce. A shekarar sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe sama da 11,000. Ana tsakiyar wannan masifa tawagar kamfanin ta sauka a asibitin cututtuka masu yaɗuwa, wanda mutan gari ke kira Asibitin Zana, ta ɗebi yara wajen 200. Rabi aka ba su sabon magani mai suna Trovan, rabi aka yi musu allurar ceftriaxone. Yara 11 suka rasu, biyar a ɓangaren Trovan, shida a ɗaya ɓangaren. Iyaye suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi. Kamfanin ya ce an yi bayani da baki, kuma rayuka ya ceta. Takardar da aka nuna a matsayin izinin kwamitin ɗa'ar bincike, daga baya ta bayyana cewa bayan an gama aikin aka rubuta ta, aka maƙala mata tsohon kwanan wata. Sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, tafiyar wuni ɗaya daga nan akwai wata gunduma ta Hausawa 'yan'uwanmu da sunanta ke yawan fitowa a manyan mujallun likitanci na duniya. Madarunfa ce, a jihar Maraɗi. Dubban iyaye mata a can sun miƙa jariransu an shigar da su bincike, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Harshe ɗaya, addini ɗaya, ga auratayya, labarin Kano kuma ba zai kasa isa kunnensu ba. Me suka gani?

Na shiga motar Katsina a Ƙofar Ruwa cikin bazara, lokacin da iska ke busar da leɓe, wato daidai lokacin sanƙarau. Bichi, Tsanyawa, Gidan Mutum Ɗaya, Kankiya, ba abin labari sai shingayen jami'ai da aikin titin jirgin ƙasan da aka ce zai haɗa Kano da Maraɗi. Daga Katsina zuwa Jibiya direba bai yarda da wasa ba. Ya ce hanyar nan da rana ake bin ta, wanda bai gama sayen ruwa ba ya haƙura. A Magama muka canji naira da sefa, kowa na ƙunƙuni a kan yadda kuɗinmu ya lalace, muka tsallaka. Ɗan Isa ne garin farko na kirki a ɓangaren Nijar, kuma tun daga nan ka riga ka shiga gundumar Madarunfa ko ba ka sani ba.

Maraɗi ba ta baƙunci ga Bakano. Kasuwa ce, 'yan kabu-kabu ne, manyan shagunan Alhazai ne. Sarkinta har yau Sarkin Katsina ake ce masa, domin zuriyar sarakunan da jihadi ya tayar daga Katsina ne suka kafa mulki a nan. Amma abin da ya jawo likitocin duniya garin ba sarauta ba ce, yunwa ce. A 2005, bayan fari da fara na shekarar da ta gabata sun jawo tsadar hatsi, ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka, wato MSF, ta yi jinyar yara masu tsananin tamowa fiye da 60,000 a Nijar, akasarinsu a wannan jiha. A nan aka ƙara nuna wa duniya a aikace cewa ba dole sai an kwantar da kowane yaro mai tamowa ba, ana iya ba uwa ƙunshin Plumpy'Nut, haɗin gyaɗa da madara da sukari da mai, ta je ta ba shi a gida. Da annoba ta lafa ba su naɗe tabarma ba. Epicentre, reshen MSF mai binciken cututtuka, ya kafa cibiya ta dindindin a Maraɗi. Kuma ga wani abin lura: a 1996 ma'aikatan MSF suna cikin Asibitin Zana suna jinyar masu sanƙarau, kusa da inda ake gwajin Trovan, kuma suna cikin waɗanda suka yi ƙorafi a kansa.

Madarunfa ba ta da nisa daga Maraɗi, ɗan kabu-kabu ma yana kai ka. Akwai tafki babba da ba ya ƙafewa, masunta na jan koma, mutanen wurin kuma za su gaya maka cewa kaburburan waliyyai 99 ne ke kewaye da shi. Wanda ya yi mini jagora dattijo ne da ya taɓa aikin zagayen gida-gida a ɗaya daga cikin binciken. Muka zauna ƙarƙashin wata bedi kusa da likita, wato asibiti, mata na wucewa da goyo, kowace riƙe da katin yaronta a cikin leda.

Na fara da maganar zawo, don shi ne binciken da ya fi fito da sunan wurin. Akwai ƙwayar cuta da ake kira rota, ita ce kan gaba wajen haddasa wa jarirai amai da gudawa mai tsanani, irin wanda cikin kwana biyu ido ya faɗa, maɗiga ta lotsa. A 2013 an ƙiyasta ta kashe yara 215,000 a duniya, kashi 14 cikin ɗari a Nijeriya. Riga-kafinta ya wanzu tun 2006, amma da matsala biyu. Ta farko, a Turai yana kare yara fiye da kashi 90 cikin ɗari daga zawo mai tsanani, a Afirka kuwa ƙarfinsa na raguwa: ɗaya ya ba da kashi 49 a Malawi, ɗayan kashi 39 a gwajin Gana da Kenya da Mali. Ta biyu, sai da firiji. Duk wanda ya san ƙauyen da ba lantarki a watan Afrilu ya san ma'anar wannan sharaɗi.

Sai kamfanin Serum Institute na Indiya ya haɗa wani mai suna Rotasiil, gari ne da ake damawa a ɗiga a baki, wanda ke jure zafin digiri 37 har shekara biyu, digiri 40 kuma wata shida. Daga 2014 zuwa 2015 aka shigar da jariran Madarunfa wajen 4,000. Kowanne aka ɗiga masa sau uku, a sati 6 da 10 da 14 da haihuwa. Rabi riga-kafin gaske, rabi holoƙo, wato abin da ya yi kama da shi sak amma ba magani a ciki. Ƙuri'a ce ta raba su, kuma daga uwa har mai ɗigawa har likitan da zai duba yaron in ya kwanta, ba wanda ya san wane ne ya sami wanne.

A nan na tsayar da shi. Na ce, "Baba, wannan fa shi ne abin da mutanenmu ba za su haɗiya ba. Ka ba ɗana ruwan banza kana sane?"

Ya yi dariya. Ya ce, "Malam, kai ba manomi ba ne ko? In an kawo maka sabon irin gero aka ce ya fi naka, ka shuke gonarka duka da shi, damina ta yi kyau, ka samu dami ɗari. To irin ne ko ruwan sama? Ba ka sani ba. Sai ka raba gonar biyu. Kuma kar ka zaɓar wa sabon iri gefen da shanu suka kwana, in ba haka ba kanka ka cuta. Shi ya sa ake ƙuri'a."

Ban taɓa jin an fayyace abin a taƙaice haka ba. In likita ne ke zaɓa, ko bai yi niyya ba zuciyarsa za ta karkata, ya ba yaran da suka fi ƙoshi sabon magani, ko ya ba waɗanda suka fi ba shi tausayi. In kuma ya san wanda ya sha na gaske, idonsa zai ga sauƙi inda babu. Duk da haka masana kansu ba su gama jayayya ba a kan yaushe ya halatta a ba yaro holoƙo, musamman in akwai wani maganin da aka san yana aiki a duniya, ko da bai kai ga ƙauyen yadda ya kamata ba. Ni ma ban ce tambayar ta mutu ba.

Sauran aikin, in ji dattijon, ƙafa ce. A bi gida-gida ana tambayar ko yaro ya yi zawo, sau nawa, da amai ko babu, a karɓi kashin a kai ɗakin awo. Ya ce da farko mata dariya suke musu, wai mutane da karatunsu suna yawon neman kashin jarirai. Da aka buɗe asirin ƙuri'ar, cikin yara 3,508 da aka yi lissafi da su, 31 ne suka yi zawon rota mai tsanani a ɓangaren riga-kafi, 87 a ɓangaren holoƙo. Kariyar ta kama kashi 66.7 cikin ɗari. An buga sakamakon a 2017, a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ingancinsa, abin da ya buɗe ƙofar a saya wa ƙasashe matalauta. Nijeriya kuwa, mai kaso mafi girma na mamatan a Afirka, sai a 2022 ta sa riga-kafin rota cikin jerin na yara.

Binciken da ya fi burge ni ba wannan ba ne. Wani ne da ya ƙare da "a'a". Shekara da shekaru ƙa'ida ita ce duk yaron da aka samu da tsananin tamowa a haɗa masa da amoxicillin, ko da alamar wata cuta ko babu. Tsakanin 2012 da 2013 aka gwada wannan a Madarunfa a kan yara 2,399 waɗanda tamowarsu ba ta zo da wata larura ba: rabi amoxicillin na kwana bakwai, rabi holoƙo. Waɗanda suka murmure, kashi 65.9 a nan, kashi 62.7 a can, bambancin da bai kai a jingina da shi ba, ko da yake masu shan maganin sun ɗan fi tsira daga kwanciya a asibiti. Ga kuma inda abin ya yi armashi: a 2013 an buga irin wannan bincike daga Malawi, can kuwa maganin ya rage mutuwa. Yaran Malawi da yawa masu kumburi ne, ga cutar ƙanjamau a tsakaninsu, na Madarunfa kuwa akasari ramammu ne. Tambaya ɗaya, amsa biyu, kowace gaskiya ce a garinsu.

Wannan ya kamata mai cewa "kar a gwada a kan 'ya'yanmu" ya tsaya ya auna. Duk kwalbar da ke kan kantar kemis an gwada ta a kan 'ya'yan wasu. In ba a gwada a nan ba, amsar da aka samu a jikin yaron Turai ko na Malawi ita za a ɗora wa namu, mai cin tuwon gero da shan ruwan rijiya, da zazzaɓin cizon sauro a jininsa kowace damina.

Sanƙarau ma ya zo Madarunfa. A 2017, shekarar da nau'in C ya yi ɓarna a Zamfara da Sakkwato, ya tsallako nan. Riga-kafi ya yi ƙaranci a duniya, kuma kafin a kawo shi a yi wa jama'a sau da yawa annoba ta riga ta ci rabonta. Sai aka tambaya: in an ba mutane ƙwayar ciprofloxacin guda ɗaya da zarar cutar ta ɓulla, za ta tsaya? Wannan karon ƙauyuka aka jefa wa ƙuri'a, guda 49, masu mutum fiye da 70,000. Wasu aka bar su a kan kulawar da aka saba, wasu aka ba mutanen gidan mara lafiya kaɗai, wasu aka ba duk gari. A kaso na farko an samu masu cutar 451 cikin kowane mutum 100,000, a na biyu 386, a na uku 190. Ba wa 'yan gida kaɗai bai tsinana abin kirki ba, ba wa gari duka ya rage kamuwa da kusan kashi 60 cikin ɗari. Ciprofloxacin da Trovan dangi ɗaya ne a wajen masu haɗa magani. Cuta ɗaya, lokacin annoba ɗaya, dangin magani ɗaya. Sai dai a Kano kamfani ne ya zo da maganinsa yana neman hujjar samun lasisi a Amurka, ya yi 'yan makonni ya tafi. A nan kuwa tsohon magani ne mai araha da aka daɗe da sanin halinsa, tambayar ta mutanen wurin ce, an tsara binciken an sami izinin hukuma tun kafin cutar ta iso, masu yinsa kuma suna nan a Maraɗi, ana iya zuwa a buga musu ƙofa.

Na tambayi dattijon yadda ake neman yarda. Ya ce daga sama ake farawa: hakimi, mai gari, liman, sannan magidanta a dandali. Amma yardar mai gari ba ta isa ba, sai an zauna da uwa an karanta mata takarda da Hausa, in ba ta karatu a samo shaida wanda ba ma'aikaci ba, ta dangwala yatsa. A gaya mata tana iya fita ran da ta ga dama, ba abin da za a hana ɗanta. Wannan ita ce ƙa'idar duniya, tushenta na cikin sanarwar Helsinki ta 1964, shekara 32 kafin Trovan. Wato a 1996 ba rashin ƙa'ida aka yi ba.

Wata tsohuwa mai sayar da fura a bakin likita tana jin mu. Na ce, "Inna, ke da jikanki ne, kin yarda?" Ta ce, "Ɗana, mi zai hana? Yaron da ke cikin takardarsu, in ya yi zazzaɓi ana duba shi. Wanda ba ya ciki fa, sai abin da Allah ya yi." Ta ci gaba da dama furarta.

Maganarta ta tsaya mini a rai fiye da duk alƙaluman. Yardar wanda ke da zaɓi daban, yardar wanda likita ta yi masa nisa kuma aljihu ba ko dala daban. Takarda ta ce kana iya ƙi, talauci ya ce ina za ka. Ba laifin mai bincike ba ne cewa gwamnatoci sun bar karkara haka, kuma ba zan ce ya daina duba yaran don kar kulawar ta zama ƙugiya ba. Amma nauyin da ke kan kwamitin da ke ba da izini a ƙasa irin tamu ya ninka na takwaransa na Landan, don shi ne zai ƙi a madadin matar da ba ta da halin ƙi. Shi ya sa, a ganina, takardar nan ta Kano mai tsohon kwanan wata ta fi komai muni a cikin labarin.

Daga Maraɗi na hau babbar bas zuwa yamma. Gidan Runji, Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi da tsaunukansa jajaye, tafiyar fiye da kilomita 500, har Doso, ƙasar Zabarmawa. Ban daɗe ba, ba kuma wani gini da za a nuna maka a ce nan aka yi. A ƙauyukan Boboye da Loga aka gudanar da ɓangaren Nijar na binciken da ake kira MORDOR. Asalinsa likitocin ido ne. Suna raba azithromycin gari-gari don kawar da ciwon idon nan da ke lanƙwasa gashin ido ya riƙa kartar ƙwayar har mutum ya makance, sai aka lura a Habasha cewa inda aka raba, mutuwar yara ta ragu. Aka ce a gwada da gangan. Garuruwa 1,533 a Nijar da Malawi da Tanzaniya, yara kusan 190,000 daga wata 1 zuwa 59, ana ba su sau biyu a shekara, wasu garuruwan magani, wasu holoƙo. Sakamakon 2018: mutuwa ta ragu da kashi 13.5 cikin ɗari a jimlace, amma 18.1 a Nijar, 5.7 a Malawi, 3.4 a Tanzaniya. Inda yara suka fi mutuwa, nan ya fi amfani. Wanda ya ba da maganin da holoƙon kyauta kuwa, Pfizer ne. Wanda ya ɗauki sunan kamfani ya mai da shi ma'aunin halal da haram, a nan lissafinsa zai rikice.

Abin yana da farashi. Awon da aka yi a garuruwan da suka sha maganin ya nuna ƙwayoyin cutar da suka daina jin azithromycin da danginsa sun ƙaru. Saboda haka a 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in za a yi, a taƙaita ga jarirai 'yan wata 1 zuwa 11, kuma a wuraren da mutuwar yara ta yi yawa. Aka sake komawa ƙauyukan Doso da Tawa da wani binciken, AVENIR, wanda ya fito a 2024: ba wa duk 'yan ƙasa da shekara biyar ya rage mutuwa da kashi 14 cikin ɗari, ba wa jarirai kaɗai bai nuna ragi tabbatacce ba. Wato hanyar da ta fi ceton yaran bana ita ce ta fi saurin dusashe kaifin maganin ga yaran gaba. Ƙuri'a ba ta yanke irin wannan hukunci, mutane ne za su zauna su zaɓa. Maganar ta riga ta iso mu, domin shirin SARMAAN ya fara ɗiga wa jarirai azithromycin a wasu jihohin Nijeriya, ciki har da Kano da Jigawa da Kebbi da Sakkwato, ana yi ana auna yadda ƙwayoyin cuta ke bijirewa.

A tashar Doso, ina jiran motar komawa gabas, wani saurayi ya ratso da faranti a kai, an jera ƙwayoyi kala-kala sun sha rana. Matar da ke kusa da ni, da yaro a cinya ya yi laushi, ta kira shi. Ta ce zawo yake tun shekaranjiya. Ya sauke farantin, ya tsinko mata kafso biyu ja da yalo, ya ce wannan ba ya kuskure. Ta ce yaron bai cika shekara ba, nawa za ta ba shi? Ya ce ta buɗe ɗaya ta zuba rabi a koko, in bai tsaya ba ta ƙara sauran da dare. Na ce, "Baiwar Allah, ga likita can bayan kasuwa, ki kai shi a ba shi ruwan gishiri da sukari." Ta ce motarsu ta kusa tashi, in sun isa gida ta gani. Ta kwance bakin zane ta ƙirga masa kuɗinsa, yaron mota na ta ƙwala kiran masu zuwa Dogon Dutsi da Ƙonni.